Shekarar da Na Je Neman Waya Mai Bakin Agwagwa

Akwai labarin da ake bayarwa a gidan nan duk Kirsimeti, bayan an ci shinkafa an ture kwanoni gefe. Kullum Rifkatu ce ke farawa. Sai ta dubi yayanta Bitrus ta ce a tambaye shi yadda ya taso tun daga Abuja da akwatin gem, wasan talabijin nan, babu wayar haɗawa, kowa ya kwashe da dariya, har jikokin da ba a haifa ba a lokacin. Daga nan a juyo kaina, a ce Mama ce ta shiga kasuwa ta gyara abin da mai digiri ya ɓata. Shi Bitrus yakan yi dariya tare da ku, amma ni na haife shi, na san dariyarsa ta gaske, na kuma san wadda yake yi don kada a ce ya ji haushi. Shekaru ke nan ina jin wannan labari ina sunkuyar da kai kamar ina tsince wani abu a zanena. Yau da hannuna ke iya riƙe biro tukuna, zan rubuta muku yadda abin ya faru, ku karanta a hankali, don rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, a zumuntar mata na koye shi ina da 'ya'ya huɗu.

A shekarar, bayan Ista da mako biyu, babanku Ishaya ya faɗi a bakin rijiya. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Mutumin da ya yi aikin reluwe a nan Kafanchan har ya yi ritaya, wanda ko maɓallin riga bai taɓa yarda wani ya sa masa ba, sai ga shi ina ba shi koko da cokali. Allah ya taimake mu baki ya dawo da wuri, ƙafa ma ta dawo har yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe ciki kamar ya riƙe wani abu da ba ya so a gani. Mai motsa gaɓoɓi a asibiti ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Kwana uku ya yi, a na huɗu ya jefa wa kare. Rifkatu, da yake nas ce, ita ta kira Bitrus ta ce a nemo wa Baba abin da zai sa yatsun su yi aiki ba tare da ya san aiki suke yi ba. Ta ce mutumin nan ba zai matsa roba ba, amma idan ƙwallon ƙafa ce, zai yi musu da kowa har da akwati.

Bitrus ya iso ranar Juma'a da yamma, farkon damina, lokacin muna dashen citta. Ya zo da babbar talabijin mai faɗi, siririya kamar faifai, da wani baƙin akwati, da abubuwa biyu na riƙewa a hannu masu maɓallai, waɗanda kuke kira fad. Ya zazzage kwalaye a falo, ya kafa talabijin, aka ɗauke wuta, sai ya ce sauran sai gobe. Washegari da sassafe na shiga shara. Falo cike da leda da farin soso na cikin kwali. A cikin tarkacen nan na ga wata baƙar igiya a naɗe, mai kauri, mai santsi. Na ɗauka irin wadda ake ɗaure kaya ce. A makon nan kuwa muzuru ya ɗauke mini kaji biyu, don sakatar ƙofar akurki ta karye. Na ja igiyar nan da hannu biyu na ji ƙarfinta, na ce Allah ya kawo. Ta yi tsawo, sai na sa wuƙa na raba ta biyu. Rabi na ɗaure ƙofar akurki, rabi na ɗaure tsintsiyar kwakwa da ke warwarewa. Na koma na ɗora ruwan zafi, zuciyata fari ƙal.

Da rana ta ɗaga aka kawo wuta, sai na ji Bitrus yana birkita kwalaye. Ya leƙo kicin.

"Mama, kin ga HDMI a nan?"

"Mene ne kuma haka?"

"Wani abu ne na gem ɗin."

"Ban ga wani abu na gem ba. Leda na share, da soso."

Gaskiya na faɗa masa iyakar sanina. A kaina, abin da ke da suna irin wannan dole ƙarfe ne mai fitila. Da ya ce mini waya, ko igiya, da na kai shi bayan gida a take. Bai ce ba, ni ma ban tambaya ba. Ya gama dube-dubensa ya ce lalle mai shagon da ya sayar masa ne bai sa ba. Babanku yana zaune a kujerarsa yana jin komai, kuma kun san ciwo ya ƙara masa zafin rai.

"Ka biya kuɗi, ka ɗauko kaya, ba ka buɗe ka duba ba?"

"Na duba, Baba. Ina ganin na gan shi."

"Kana gani. Duk shekarun da na yi a tasha ban taɓa sa hannu a kan tarago don ina ganin kaya sun cika ba. Karatun naku ke nan."

Bitrus ya ci gaba da birkita kwalaye. Mutum ne mai mata da 'ya'ya biyu a lokacin, ya roƙi hutu a wurin aiki ya tuƙo mota tun daga Abuja, aka yi masa faɗa a gaban ƙanwarsa kamar ɗan firamare. Ya laluba cikin kwalin ya fito da wata waya mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, irin ta tsohon bidiyonmu. Ya haɗa, hoto ya fito, ya ce wannan za ta riƙe kafin ya aiko da ɗayar. Ya nuna wa babanku maɓallin gudu da na bugu. Ranar Lahadi bayan sujada ya tafi. Ba a yi wata ɗaya ba wurin aikinsu suka tura shi kudu, maganar waya ta bi ruwa.

Da farko abin ya yi kyau. Babanku ya ce wasan yara ne, ba zai taɓa ba, amma idan na dawo daga gona sai in tarar da fad ɗin ba inda na ajiye shi ba. A mako na biyu ya daina ɓoyewa. Yakan ɗora abin a cinya, hagu ta riƙe, ya tura babban yatsan dama da ƙyar ya danna. Ina jin shi daga tsakar gida yana yi wa 'yan wasan faɗa. Sai dai na lura yana matso da kujera gaba, kullum gaba, har gwiwarsa ta kusa taɓa teburin. Yana goge tabarau da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ranar wata Laraba na kawo masa kunu na tarar ya kashe komai, ya juya kujerar tana kallon taga.

"Baban Bitrus, an ɗauke wuta ne?"

"Wuta tana nan. Idon ne ya tafi."

"Wace irin magana ke nan?"

"Ba na ganin ƙwallon, Saratu. Idan suka yi gudu sai su narke. Lambar da ke bayan rigarsu ma ba na iya karantawa. Likita ya faɗa tun a asibiti, ya ce ciwon nan yakan taɓa ido. Ga shi ya iso."

Na ce mu koma asibiti a duba. Ya ce ba zai je a rubuta masa makanta a takarda ba. Daga ranar bai sake kallon talabijin ba, ko labarai, sai rediyo. Ya sa tabaraunsa a cikin akwatin ƙarfe. Ya aika wa fasto cewa a cire sunansa daga masu karatun Littafi ranar Lahadi, abin da yake fata zai koma yi. Ya kira ƙaninsa ya ce ya karɓi gonar cittan da ke bakin rafi. Hannun kuwa ya bar shi a cinya kamar ba nasa ba, yatsun da suka fara buɗewa suka koma ciki. Rifkatu ta zo ta kama hannun ta lanƙwasa, ta ja ni kicin ta ce, Mama, idan ya bar shi haka har damina ta wuce, yatsun nan sun ƙage ke nan, ba mai buɗe su.

Ga inda nawa laifin na biyu yake. Ni ma na zauna gaban wasan nan sau da yawa ina tsince wake, kuma ni ma ban taɓa ganin ƙwallon da kyau ba. Rubutun da ke saman hoton ma ban taɓa iya karanta shi ba. Amma ban ce komai ba, don na ɗauka karatuna ne bai kai ba. Na ce a raina wannan rubutun 'yan boko ne, su suke gane shi. Haka muka zauna a ɗaki ɗaya muna kallon hoto ɗaya mai hazo, shi yana zargin idonsa, ni ina zargin karatuna, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa me yake gani.

Ruwan sama ne ya warware mana. A watan da ake cin sabuwar masara na shiga kasuwa sayen gishiri da manja, hadari ya taso, na ruga na fake a rumfar wani shago a hanyar tasha. Shagon Malam Garba ne mai sayar da kayan wuta, wanda mahaifinsa ya yi aiki da babanku a reluwe. Masu acaɓa biyu su ma sun fake, suna zaune a benci suna buga gem, irin namu sak, har kiɗan da yake yi. Na ɗaga kai kawai don ba abin yi. Sai na ga ciyawa. Ciyawa ɗaya-ɗaya, da layin fari a miƙe, da ƙwallo mai zane tana juyawa. Wani ɗan wasa ya juya baya na karanta lambarsa, goma sha ɗaya, ban ko matsa ido ba. Na karanta agogon da ke kusurwa. Na ajiye galan ɗin manja a ƙasa.

"Garba, wannan wane iri ne?"

"A'a, Mama, sannu da zuwa. Yaya jikin Baba? Gem ne, na ƙwallo."

Ɗaya daga masu acaɓan ya ce, "Mama ya zo ya ci mu ne. Ba shi fad."

"Ku bari in gama da babanku a gida tukuna," na ce musu. "Garba, muna da irinsa, amma namu kamar an shafa masa koko. Naka ya fi namu tsada ne?"

Ya tambaye ni kamannin akwatinmu da talabijin, na kwatanta. Ya ce ai iri ɗaya ne, tamu talabijin ma ta fi tasa. Sai ya tambaya da wace waya aka haɗa. Na ce mai kai uku. Ya yi dariya ya dafa kai. Ya ce a cikin ukun nan, ja da fari murya suke ɗauka, hoton gaba ɗaya ta cikin mai ruwan ɗorawan nan yake matsowa. Ya ce an yi ta ne don tsofaffin talabijin masu ƙaton baya, waɗanda fuskarsu ƙarama ce ba ta tona asiri. Ita kuwa babbar, idan aka ba ta ƙaramin hoto, sai ta ja shi ta miƙe don ya cika fuskarta, duk ya dagule. Ya juya akwatinsa ya zare wata waya ya miƙo mini. Baƙa, mai kauri, mai santsi, kanta a baje kamar bakin agwagwa.

Na san kan nan. Kullum da safe yana lilo a ƙofar akurkina, ina kama shi in kwance wa kaji.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina riƙe da ita ba. Garba ya ce, Mama lafiya? Na ce lafiya, sanyi ne. Na tambaye shi sunanta, ya faɗa, sunan nan dai da Bitrus ya tambaye ni a kicin. Na ce zan dawo gobe. Ruwa bai gama tsayawa ba na kama hanya. Da na isa ban shiga ɗaki ba, na zagaya baya. Tana nan, ruwan wata uku ya dake ta, kan ya yi tsatsa, kaji sun tsattsage bakin da na yanka. Na tsaya a wurin na yi addu'a da yarenmu, don a irin wannan lokaci Hausa ba ta zuwa mini. Sannan na shiga falo, na jawo teburin a hankali, na haska bayan talabijin da tocila. Ramuka sun fi goma. Na ɗauko littafin da nake rubuta waƙoƙin zumunta, na zana kowane rami da siffarsa, na kwafe haruffan da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Na yi wa akwatin gem haka. Na ɗauki zare na auna daga wannan rami zuwa wancan, na ƙara taƙi ɗaya, na ƙulla.

Washegari na shimfiɗa wa Garba littafin a kan teburinsa. Ya duba ya ce ko masu gyara ba sa zuwa masa da irin wannan. Ya ce talabijin ɗinmu tana karɓar iri uku. Mai kai uku, wadda muka riga muka sha wahalarta. Mai kai biyar, ja biyu da fari da kore da shuɗi, ita hotonta da kyau. Sai mai bakin agwagwa, wadda ke ɗaukar hoto da murya a baki ɗaya, kuma ita ta fi duka fitar da hoto. Mai kai biyar na ajiye ta gefe tun kafin ya gama bayani. Na san kaina, ina shara zan fizge ta, kuma ja biyu ne, wa zai gaya mini wanne ne na ina? Saura mai bakin agwagwa, ita ma ya fito da kala uku. Wata siririya a leda. Wata mai kauri ba ado. Wata a cikin kwali mai hoto, doguwa, an saƙa mata riga, kanta ruwan zinariya.

"Mama, ga ta manya. Wannan ita ta dace da Baba."

"Me ta fi sauran da shi?"

"Ai kin gani, zinariya ce."

"Na ga zinariya. Garba, shekara nawa ina sayar da citta, ba wanda ya taɓa saye don buhun yana da kyau. Sai an karya an ga ciki. Sa mini su ɗaya-ɗaya in gani."

Ya yi dariya ya ce yau ya haɗu da 'yar kasuwa. Ya sa ta zinariya, na matsa kusa na kalli ciyawa da lambobi. Ya sa mai kauri, na kalla. Ya sa siririya, na kalla. Na ce ya sake, ya sake. Ban ga bambanci ko na ƙwayar gero ba, na kuma gaya masa. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya irin wannan waya ba ta da rabi-rabi, ko ta kawo hoton duka ko ta ƙi, kuma a tazarar da ke tsakanin tebur da talabijin duk ɗaya ne. Sai na yi abin da nake yi wa ƙotar fartanya kafin in saya, na kama kan kowace na girgiza a cikin raminta. Siririyar tana motsi, hoton ya ɗauke ya dawo. Sauran biyun suka zauna daram. Na fito da zarena na gwada. Ta zinariya ta ninka shi har sau uku, kuma ni ina da mai tafiya da sanda a gida, ba zan shimfiɗa masa tarko a falo ba, ga ɓeraye. Mai kaurin nan marar ado ta wuce zaren da ɗan kaɗan. Na ce ita nake so.

Har na juya ya kira ni. Ya ce akwatin ya saba da tsohuwar waya, idan na sa sabuwa zai iya nuna baƙi kawai, kada in tsorata. In kashe shi, in danna maɓallin kunnawa in riƙe, kada in saki sai na ji ƙara ta biyu. Sannan in danna wani maɓalli a rimot har sunan ramin ya fito. Na ce ya dakata, na rubuta duka a ƙarƙashin zanen, ya karanta ya ce daidai.

Da na dawo babu wuta. Na dafa tuwo, na wanke kwanoni, na zauna ina kallon ƙwan fitila. Wajen ƙarfe huɗu ya kama. Babanku yana baranda da rediyonsa. Na zare mai kai uku, na sa sabuwar a ramin da na zana, na kunna. Baƙi. Na danna rimot. Baƙi. Na manta da duk abin da aka gaya mini.

"Saratu, me kike taɓawa a nan?"

"Ba komai, shara nake."

"Ki bar kayan mutane. In Bitrus ya zo ya kwashe abinsa."

Na zauna a ƙasa na buɗe littafin, na bi rubutuna da yatsa kamar yadda malamarmu ta koya mana. Na kashe. Na danna na riƙe. Ƙara ɗaya. Na ci gaba da riƙewa har na ɗauka ba za ta zo ba, sai ga ta biyu. Talabijin ta yi ƙyafta, wani rubutu fari ya fito a kan baƙi, layi biyu, da Turanci. Wannan kam ya fi ƙarfina da gaske, kuma ina tsoron in danna abin da zai lalata komai.

"Baban Bitrus, taimake ni. Wani Turanci ya fito, ban san me yake so ba."

"Kin san ba na gani."

"To ko kaɗan ne, gwada mini. Kada in ƙona kayan yaron."

Na ji sandarsa tana zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, daga can nesa, ba tabarau. Ya karanta layin farko da ƙarfi da irin muryar da yake karatu a majami'a, ya karanta na biyu, ya ce tambaya yake ko a yi amfani da sabuwar hanya, ki danna na hagu. Na danna. Sai da ya faɗa ya ji abin da ya yi. Ni kuwa ban juya ba. Filin ya buɗe, kore shar, 'yan wasa suka fito a jere, ana ganin har igiyar takalminsu.

"Wa ya wanke filin?"

"Waya na canja."

"Waya kawai?"

"Ita kawai. Ni ma da ba na ganin ƙwallon."

"Ba kya gani? Wata uku, ba ki faɗa ba?"

"Kai ma ba ka tambaye ni ba."

Ya tako ya zauna, a inda kujerar take tun farko, ba kusa ba. Ya karanta lambobin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya har ya kai mai tsaron gida. Ya goge fuska da hannun hagu ya ce falon nan akwai hayaƙi. Sannan ya ce in miƙo masa abin, in ɗauki ɗayan, don ya gaji da wasa da akwati, akwati ba ya jin haushi in an ci shi.

Haka na shiga ƙwallo da furfurata. Kullum ƙarfe huɗu, in akwai wuta, sai in bar abin da nake yi. Na rasa taron zumunta na ranar Alhamis har matan suka aiko a duba ko lafiya. Wata biyu yana cina, ina gudu da ɗan wasana zuwa gidanmu maimakon nasu, yana dariya har da tari. Ranar da na fara zura masa ƙwallo ya ce hannunsa ne ya zame, mu sake. Yatsan farko ya buɗe, na biyu ya bi. Ya fito da tabarau daga akwatin ƙarfe. Ya aika wa ƙaninsa cewa maganar gona a dakata. Da aka haƙo citta a ƙarshen shekara muka zauna tsakar gida muna tsagawa don shanya, sai ya jawo kujera ya ce a ba shi wuƙa. Tsagin nasa ya karkace, rabi kauri rabi siriri, amma ba wanda ya gyara masa.

Za ku ce me ya hana ni faɗin gaskiya a lokacin. Da farko na ce jininsa, likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Daga baya jinin ya sauka, ban faɗa ba. Kunya ce, ba wani abu ba. Kuma da kuka fara yabona, yabon ya yi mini daɗi, ban iya mayar da shi ba. Ban kuma cire wayar daga akurki ba, don tana riƙe ƙofar da kyau, muzuru bai sake shiga ba.

Babanku ya gano da kansa. Wata safiya bayan Sabuwar Shekara ya riga ni fita, ya ce yau shi zai buɗe wa kaji. Ina tsaye da tsintsiya, wadda ita ma rabin wayar ke ɗaure da ita, ina kallonsa yana fama da ƙullin da hannun dama. Ya kwance shi. Shi ne ƙulli na farko da hannun ya kwance tun faɗuwarsa. Kaji suka fito suka watse, shi kuwa ya tsaya yana juya kan nan mai tsatsa a tafinsa.

"Saratu."

"Na'am."

"Igiyar nan taki, a ina kika saye ta?"

"A falo na tsince ta. Ranar Asabar ɗin nan."

Ya dube ni, ya dubi tsintsiyar, sai ya fara dariya har ya jingina da bangon akurki. Da ya gama ya ce, ashe kayan yaron sun cika. Na ce sun cika. Ya ce to dole a gaya masa. Na ce kai za ka fara ko ni? Ya ce mu bari sai Kirsimeti, a faɗa ido da ido. Kirsimeti ta zo, Rifkatu ta fara labarinta, kowa yana dariya, na dube shi ya dube ni, muka ci gaba da cin nama. Haka ta gaba, da ta gaba. Ni ina jin nauyin in ce na yanka, shi yana jin nauyin ya ce ya yi faɗa a kan banza, kuma ko wannenmu yana jiran ɗayan.

Bitrus, mai shagon bai cuce ka ba, kai ma ba ka yi sakaci ba. Ka duba, ka gan ta, tana ciki. Uwarka ce ta raba ta biyu da wuƙar yanka albasa. Idan ka zo ka zagaya bayan gida, rabin yana nan a ƙofar akurki har yau. Wadda na saya wurin Garba ita ma tana nan tana aiki, ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba, kuma jiya ma na ci babanku biyu da ɗaya, ko da yake zai ce muku wuta ce ta yi rawa.

Yana zaune kusa da ni yanzu, na karanta masa duka, ya gyara mini wuri biyu. Ya ce in bar masa layi ɗaya a ƙasa. Rubutun da za ku gani a karkace ba nawa ba ne, nasa ne, kuma da hannun dama ya yi shi.

Bitrus, kayanka sun cika. Ni ne ban duba ba.